Me ake nufi da E. coli a gwajin ruwan rafin daji?

Idan masu gwajin ruwa suka ce sun samu E. coli a rafi, ma'anarsa kashi ya shiga ruwan. Bakteriya ce da ke zaune a hanjin mutum da dabbobi da tsuntsaye, kuma yawancin ire-irenta ba sa kawo ciwo. Ana nemanta ne a matsayin shaida, domin hanyar da ta bi ta shiga ruwa ita ce cututtukan najasa ke bi.

Ana ɗibar mililita 100 a kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji kafin awa 6. Can ake renonta cikin ɗumi kimanin awa 24, sannan a ƙirga. A Amurka, hukumar kare muhalli ta sa iyakar ruwan iyo a matsakaicin ƙwayoyi 126 cikin mililita 100. Ruwan sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko ɗaya kada a samu.

Masu zuwa daji shaƙatawa suna ƙara wannan adadi ta kewayawa a bakin ruwa, da kashin karnuka da dawakan da suka zo da su, da salgar masauki idan ta cika. Amma wadda aka fi mantawa ita ce laka. A ƙasan rafi rana ba ta kai wa bakteriya, sai ta daɗe a raye. Da masu iyo ko dabbobi sun dama lakar, adadin ya tashi ko ba a zuba sabon ƙazanta ba. Shi ya sa awon safiya da na la'asar a wuri guda kan sha bamban. Ƙasar da aka tattake kuma ba ta shan ruwa, ruwan sama na farko sai ya kwashe komai ya kai rafi.

Kuskure ne a ɗora wa baƙi laifi da awo ɗaya, tunda namun daji da shanu ma suna zubarwa. Sai an auna ruwan kafin ya iso masauki da bayan ya wuce shi, rana ɗaya, a maimaita.

Mai kwana a daji, idan zai kewaya, ya haƙa rami zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da mita 60, ya binne. Ruwan rafi kuma, komai haskensa, a bar shi ya tafasa minti ɗaya kafin a sha.