Abin da doka ta ɗora wa gwamnati kan lafiyarmu, da yadda za mu nema

Jama'ar Jos, iyayenmu mata da magidanta na Gangare, Anguwan Rogo, Rikkos, Dilimi har zuwa Bukuru, ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma akwai maganar da nake so ta shiga kowane gida. Yawancin waɗanda ake kawo mana a makare lissafin kuɗi ne ya zaunar da su a gida. Uwa ta taɓa jikin ɗanta ta ji rau da zafi, ta san zazzaɓi ne, amma sai ta hau ƙirga kuɗin keke, kuɗin kati, kuɗin gwajin jini, ga na magani. Ƙarshenta ta aiki yayansa kemis da 'yan canjin cefane, a yanko mata rabin katin magani. Bayan kwana biyu a shigo da yaron a saɓe, tafin hannu fari fat, ana cigiyar wanda zai ba da jini.

A ƙasar nan, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Mai hali ya biya ya tashi, marar hali ya sayar da akuya ko keken ɗinkin matarsa. Toshe wannan giɓi aikin gwamnati ne, kuma ta sa hannu a rubuce cewa za ta yi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗinsu. Har yau kason gwamnatin tarayya yana yawo ne wajen kashi 5, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk ranar da na buɗe kabad ɗin magani na tarar da shi wayam.

Duk da haka akwai abin da muka riga muka samu, sai dai da yawa ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Mace tana zubar da jini wajen haihuwa, ko ɗan acaɓa ya yi hatsari a titin Bauchi, a fara ceton rai, maganar kuɗi ta biyo baya. Sannan dokar 2017 ta wajabta a karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mu mutanen Jos, da irin rikice-rikicen da muka gani, ba sai an yi mana bayanin darajar wannan ba. Idan aka ce muku sai kun kawo takarda, ku nemi babban likitan da ke aiki a lokacin, ku faɗa masa cikin ladabi cewa doka ta hana.

Dokar ta 2014 ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, inda ake zuba aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabinsa na biya wa marasa ƙarfi inshorar lafiya ne, kashi 45 na ƙananan asibitoci ne don magani, gyaran gini da ma'aikata, sauran kashi 5 na agajin gaggawa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun bankin asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ta cewa kan yadda za a kashe. Wato mutanen unguwa suna da hurumin tambaya: nawa ya shigo, me aka saya, me ya sa rufin ɗakin haihuwa yake yoyo har yanzu. Na ga inda kwamiti ya tsaya da gaske, mata biyu a cikinsa ba sa fashin zama, aka gyara rijiyar burtsatse aka sa fitilar sola, haihuwar dare ta daina zama da tocilan waya. Na kuma ga inda kwamitin suna ne kawai a takarda.

A 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta yi tanadi na musamman ga masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu naƙasa da talakawa tuburan. A Filato hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato PLASCHEMA, ce ke da wannan aiki. Ɗan kasuwar Terminus ko mai sana'ar hannu a Dilimi zai iya biyan kuɗin shekara ya shiga da iyalinsa, marasa ƙarfi kuwa wancan asusun na dokar 2014 ne ke biya musu. Guraben ba sa isar kowa, gaskiya ce, shi ya sa nake roƙon ku tanadi lambar NIN tun yanzu, ta yara ma, kada ranar rajista ta zo a tsallake gidanku.

Allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitin gwamnati. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne, haka maganin ƙanjamau. Duk wanda ya nemi kuɗi a kan waɗannan, a kai maganar ga shugaban asibitin ko kwamiti.

Adalci kuma bai tsaya a cikin gari ba. Mu a nan muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru, ga Jankwano. 'Yar uwarmu da naƙuda ta tsaya mata a ƙauyen Wase ko Kanam sai ta sha tafiya a bayan babur kafin ta ga likita, domin ma'aikata sun taru a birni, wasu kuma sun fice ƙasashen waje. Ƙananan hukumomi 17 ne a Filato, kowacce tana da haƙƙin ungozoma mai horo da motar ɗaukar marar lafiya, kuma 'yan majalisar da muka zaɓa su ke zama kan kasafin da zai samar da su. Idan sun zo gaisuwar Sallah ko ta'aziyya, a tambaye su wannan.

Ranar awo ko rigakafi mai zuwa, ku tambayi shugaban asibitin unguwarku ko asibitin yana cikin masu karɓar kuɗin asusun, da kuma yaushe masu rajista za su zo. Wanda bai san shugaban kwamitin mazaɓarsa ba, mai unguwa zai nuna masa shi.