Waiwaye: Yadda Tagwaye Suka Shiga Muhawarar Gado da Tarbiyya

Masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe da masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun daɗe suna ja-in-ja. A 1875 Francis Galton na Ingila ya kawo shawarar a nemi alƙalanci wajen tagwaye. Sai dai wasiƙu kawai ya tattara daga iyalai. A 1924 ne likitan fata na Jamus, Hermann Siemens, ya kwatanta nau'i biyu: 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, da 'yan ƙwai biyu, masu tarayya a kusan rabi.

Lissafin ba wuya. Ana auna kamannin kowane rukuni daga 0 zuwa 1, a cire ƙaramin daga babban, a ninka biyu. Idan 'yan ƙwai ɗaya sun ba da 0.8, 'yan ƙwai biyu 0.5, kason gado ya zama 0.6. Raunin yana nan: an ɗauka cewa riƙo iri ɗaya ake yi wa rukunonin biyu, alhali masu kama kamar an tsaga kara an fi yi musu sutura ɗaya da aji ɗaya.

Shi ya sa aka koma neman tagwayen da aka raba tun suna jarirai. Nan Cyril Burt, masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, ya ja wa fannin abin kunya. A 1974, bayan mutuwarsa, Leon Kamin ya lura cewa tagwayen Burt sun ƙaru daga 21 zuwa 53, amma ma'aunin kamanninsu a gwajin basira na nan 0.771 daram. Alƙaluman gaskiya ba sa tsayawa cak haka.

Thomas Bouchard ya sake aikin a Jami'ar Minnesota daga 1979, kuma a 1990 ya danganta kusan kashi 70 cikin ɗari na bambancin sakamakon gwajin basira da gado.

Wannan adadi ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Bambanci tsakanin jama'ar da aka auna yake nufi, ba ya raba basirar mutum guda kashi-kashi. Kuma yana sauyawa da muhalli: binciken Eric Turkheimer na 2003 a Amurka ya nuna cewa a gidajen talakawa kason gado ya yi ƙasa ƙwarai, a gidajen masu hali kuwa ya haura.