Waiwaye: Yadda opera ta koma ƙaramin zaure

Muhawarar da ake tafkawa tsakanin masu sha'awar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, a Turai da Amurka ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da zarar an fito da sabon wasa mai mawaƙa uku ko huɗu da makaɗan da ba su kai 20 ba, wanda sau tari labarinsa na wani mai zane ne ko marubuci da buri ya rufe wa ido wajen neman kyau, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce talauci ne aka yi wa kwalliya, don tun da korona ta rufe gidajen wasa a 2020 aljihu bai farfaɗo ba. Wasu su ce a'a, ai a nan ne fasahar ta fi armashi. Dukansu suna magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya daɗe.

Ita opera tun asali a ƙanƙance aka haife ta. A fadojin Italiya ta soma wajajen 1600, kuma a wani ɗaki na fadar Mantuwa aka fara nuna wasan Orfeo na mai tsara kiɗa Monteverdi a 1607. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko mai karɓar kuɗin shiga a Venis. Daga nan sai abu ya yi ta kumbura, har a ƙarni na 19 a Faransa da Jamus makaɗa suka doshi 100, ga 'yan amshi cike da dandamali.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Yunin 1945 mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya yi suna a Landan da Peter Grimes, babban wasa mai tarin 'yan amshi da ke fitowa a matsayin mutanen gari masu farautar wani masunci. Wanda ya ci irin wannan nasara, ai sai a zaci zai ƙara faɗaɗawa. Shi kuwa sai ya tsuke. A Yulin 1946, a gidan opera na Glyndebourne da ke kudancin Ingila, ya fito da wasa kan Lukreshiya ta tsohuwar Rum, mawaƙa 8, makaɗa 13. 'Yan amshin ma mutum biyu ya mayar da su, namiji ɗaya, mace ɗaya, suna gefe suna ba da labari.

Lissafin shi ne ƙaramar tawaga za ta zaga garuruwa da sauƙi. Bai fita ba: rangadin ya jawo asara. Duk da haka a 1947 shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar English Opera Group, kuma da tsadar tafiye-tafiye ta ishe su, a 1948 suka fara bikinsu a Aldeburgh, ƙaramin garin bakin teku, cikin wani ɗan zauren taro.

A ganina nan ne labaran kansu suka sauya. Idan babu 'yan amshi, babu rundunar yaƙi, babu hawan sarki, babu cincirindon kasuwa. Me ya rage? Mutum biyu ko uku da abin da ke cin zuciyarsu: malami da ɗalibin da ke neman wuce shi, mai zane da wadda yake zanawa, kishi, tsufa, kyan da ke dusashewa. Goge ɗaya na iya tsayawa a madadin mutum ɗaya, ɗan kallo kuma yana ganin gumi a goshin mawaƙi, abin da na can ƙuryar zaure mai kujera 2,000 ba zai samu ba. Rashin kuɗi ya taimaka, babu musu, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa Britten ya sake komawa ga makaɗa 13 a 1954 ba, lokacin da sunansa ya riga ya kai ko'ina.

Na baya sun bi sahu. Thomas Adès ya yi nasa wasan a 1995 da mawaƙa 4 da makaɗa 15. George Benjamin kuwa, a wasansa na 2006 a Faris, mata biyu kacal ya sa, su ne minista, su ne baƙo, su ne uwa da 'yarta, su ne kuma taron jama'ar gari.