Tallafin karatu bai kai ba: ana iya neman ƙari?

Yaro daga Agege ko Idi-Araba ya sami gurbi a jami'ar waje, har da tallafin da ake ba masu hazaƙa, amma da aka yi lissafi a naira sai aka ga da sauran aiki. Ga abin da iyaye da ɗalibai suka fi tambaya.

Wai ana neman ƙari bayan jami'a ta yanke abin da za ta bayar?

Ana nema, musamman a jami'o'in Amurka masu zaman kansu, domin suna gasar jawo ɗalibai. Sai dai ba cinikin Alaba Rago ba ne, da za ka taya, a ce albarka, ka juya a kirawo ka. Roƙo ne a sake duba takardunka, kuma da wuya a janye gurbi don an tambaya cikin ladabi.

Ko'ina haka ne?

A'a. Jami'o'in Harvard, Yale da Princeton na Amurka ba sa ba da tallafin hazaƙa. Ƙarfin aljihun iyaye suke dubawa. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa tsararre ne, babu ciniki a cikinsa.

Da wace hujja zan tunkare su?

Mafi ƙarfi ita ce takardar wata jami'a, tsararta a daraja, wadda ta ba ka fiye da haka. Haɗa ta da saƙon da za ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai. Sai sabon abin da ba su gani ba lokacin da ka nema: sakamakon WAEC da ya fito daga baya, makin SAT (jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka) da ya ƙaru, ko wata gasa da ka ci. Ka faɗi adadin da ya rage maka a dala, kada ka tsaya a “ku taimaka”. Ɗalibin ne zai rubuta da kansa, ba Baba ko Kawu ba, ko da su ne masu biya. Kada kuma a ƙirƙiro tayin da babu shi, don takarda za su nema.

Faɗuwar naira fa?

Hujja ce, tunda dala da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Amma wannan maganar buƙata ce, ofishin tallafin kuɗi ake kai wa, tare da bayanan banki.

Yaushe ya dace?

Kafin ka biya kafin-alƙalami na riƙe gurbinka. Yawancin jami'o'in Amurka 1 ga Mayu suke jiran amsa, kuma wanda ya riga ya biya ƙarfinsa ya ragu.

In sun ƙara, shi ke nan?

Tambayi ko na shekara ɗaya ne ko na huɗu, da makin da za ka riƙe don kada a yanke. Kuɗin makaranta na iya tashi tallafin yana nan yadda yake. Kuma sai ka nuna kuɗin shekara guda, har da ɗaki da abinci, kafin su ba ka takardar I-20, wadda ake neman bizar karatu a Amurka da ita.