Ƙarfen jirgin sama ma yana gajiya: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da gajiyar ƙarfe?

Masu walda a Garwa sun san ta. Babur ya sha hanya, wata rana sai a ga ƙarfensa ya tsage kusa da walda, alhali ba a taɓa ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa ba. Yawan lanƙwasawa da miƙewa ne ya ci shi. Jirgin sama ma haka: duk tashi ana cika cikinsa da iska, jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauka ya koma. Tsaga kan fara daga ramin ƙusa ko kusurwar ƙofa, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Ta taɓa kayar da jirgi?

Ƙwarai. A 1954 jiragen Comet biyu na Ingila sun tarwatse a sama. A 1988 kuma rufin wani Boeing 737 ya yaye a Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, amma jirgin ya sauka.

Ana haɗa ƙarfen jikin wasu jirage da wani abu daban. To me haɗin yake ƙarawa?

Haɗin iri-iri ne. Akwai GLARE, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Delft ta ƙasar Holan: siraran fallayen alminiyon, a tsakaninsu zaren gilashi da gam. Da shi aka yi wani sashe na saman jikin Airbus A380. Idan alminiyon ya tsage, zaren ba ya tsinkewa, sai ya riƙe bakin tsagar kamar yadda ciyawa ke riƙe ƙasar gini. Tsagar tana nan, amma tafiyarta ta ragu sosai, masu duba jirgi su riske ta da wuri. A ganina wannan ne babban amfaninsa, ya fi ma rage nauyi.

Wani haɗin kuma alminiyon ne da aka cuɗa da garin silikon kabaid, wani sinadari mai tsananin tauri. Ya fi tauri, ba ya saurin lanƙwasa, amma yana da gautsi: ƙwayoyin kan fashe ko su rabu da ƙarfen, tsaga ta samu hanya.

Zafin Njamena da Garwa fa?

Yana da tasiri. Jirgi ya bar ƙasa a zafin da ya haura digiri 40, can sama ya tarar da sanyin wajen digiri 50 ƙasa da sifili. Alminiyon ya fi abin da aka haɗa shi da shi saurin buɗewa da tsukewa, don haka mahaɗarsu tana shan ja kowace tafiya.

Yaya ake gano tsagar da ido ba ya gani?

Da na'urar sauti mai ratsa ƙarfe, ko ta lantarki. Kuma wajen tsara lokacin duba jikin jirgi, ana ƙirga yawan tashi da saukarsa, ba awannin tafiya kaɗai ba.