Alanya

Alanya gari ne a kudancin Turkiyya, a bakin tekun Bahar Rum, cikin lardin Antaliya, kimanin kilomita 135 gabas da birnin Antaliya. Tsaunukan Toros sun tokare shi ta arewa, teku kuma ta kudu. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton dutse mai tsayin kusan mita 250 da ya kutsa cikin ruwa ya raba gaɓar gida biyu. A kan wannan dutse aka kafa tsohon garin, kuma shi ne abin da sarakuna suka yi ta rububi a kai shekaru aru-aru.

Tarihi

Girkawa da Romawa sun san wurin da sunan Korakesiyon. Saboda wuyar hawan dutsen, 'yan fashin teku na Silisiya, wato yankin gaɓar da ke gabas da garin, suka mai da shi mafakarsu, har sai da janar ɗin Roma, Pompi, ya murƙushe jiragensu a gaban garin a shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya wani janar ɗin Roma, Markus Antoniyus, ya ba Kiliyofatara, sarauniyar Masar, yankin, domin dazuzzukansa na da katakon ƙera jiragen ruwa. A zamanin Rumawan Bizantiya sunansa Kalonoros, wato kyakkyawan dutse.

Garin ya sami ɗaukaka ne a 1221, lokacin da sarkin Turkawan Saljuƙawa mai mulki daga birnin Konya, Ala'uddin Kaikubad na Ɗaya, ya yi masa ƙawanya. Mai mulkin wurin, Kir Fard, ya miƙa wuya, aka ba shi wata ƙasa a madadi, sarkin kuma ya auri 'yarsa. Ala'uddin ya sa wa garin sunansa, Ala'iyya, ya mai da shi mazauninsa na lokacin hunturu da kuma ƙofar daularsa zuwa teku. Mafi yawan tsoffin gine-ginen da ke burge baƙo a Alanya yau aikin wannan sarki ne.

Bayan Saljuƙawa sai Ƙaramanawa, wata masarautar Turkawa, suka karɓi garin. A zamaninsu Ibn Baɗuɗa ya sauka a nan daga jirgin ruwa, nan ne ma ya fara taka ƙasar Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya. Shi ne dai matafiyin da daga baya ya ratsa Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Ya ba da labarin katakon da ake lodi daga tashar zuwa Iskandariyya da Dimyaɗ. A 1427 aka sayar wa Mamalik na Masar da garin, a 1471 kuma Gedik Ahmad Pasha ya shigar da shi Daular Usmaniyya. Sunan Alanya ya tabbata ne a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, wanda ya ziyarci garin a 1935.

Wuraren gani

Ganuwar tsohon garin ta kai kilomita 6.5, tana bin ƙugun dutsen tana hawa da sauka, da hasumiyoyi 140. An haƙa matattarar ruwan sama kusan 400 a ciki, don dutsen ba shi da ƙorama, kuma garin da ƙishi ya ci ba ya buƙatar a yaƙe shi. Har yanzu akwai masu zama a tsoffin gidajen da ke cikin ganuwar. Masallacin Sulaimaniyya, wanda aka sake ginawa a ƙarni na 16, yana can sama. Tun 2017 ana hawa dutsen da kekunan da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe.

A bakin tashar jiragen ruwa Jar Hasumiya take, Kizil Kule da Turkanci. An gama ta a 1226, maginin kuwa mutumin Halab ta Siriya ne, Abu Ali. Kusurwa takwas gare ta, hawa biyar, tsayinta mita 33. Ƙasanta dutse ne, samanta jan tubali, daga nan ta sami suna. In mutum ya shiga zai tarar da tankin ruwa a tsakiyarta, da ƙananan tagogi matsattsu daga waje masu faɗi daga ciki, inda maharba ke tsayawa. Ɗan gaba kaɗan akwai Tersane, ma'aikatar ƙera jirage ta Saljuƙawa: rumfuna biyar masu bakan gizo a jere, bakinsu a buɗe ga teku, igiyar ruwa na shiga har ciki. Samun irinta daga wancan zamani a tsaye abu ne mai wuya, kuma ta cancanci a ba ta lokaci fiye da yadda yawancin baƙi ke yi.

Kogon Damlatash kuwa tsintuwa ce. A 1948 ana fasa dutse don aikin tashar jirage sai aka ci karo da shi. Cike yake da duwatsu masu tsini da ɗigar ruwa ta ƙera, zafinsa na tsayawa wajen digiri 22 rani da hunturu, da laima mai yawa. Masu ciwon asma suka fara zuwa neman sauƙi, kuma ta nan yawon buɗe ido ya fara kankama a garin. Dab da kogon gaɓar Kiliyofatara ta fara, wadda ake cewa sarauniyar ta yi wanka a cikinta.

Yau otal-otal sun jeru gabas da yamma, baƙi mafi yawa daga Jamus, Rasha da ƙasashen arewacin Turai, wasunsu ma sun sayi gidaje sun zauna. A gangaren tsaunuka manoma na noman ayaba da lemo, mutanen gari kuma in zafi ya tsananta sukan nufi kogin Dim, inda ake cin abinci a kan dandamalin katako bisa ruwan sanyi.