Me ya sa ɓarawon biro ba ya tsayawa a karo ɗaya?

Waɗannan tambayoyi sun sha tasowa a fadarmu ta shayi a nan Damagaram, duk lokacin da aka ji an kama wani da almundahana.

Wane irin laifi ake nufi?

Laifin da ake yi da biro da hatimi da amanar da aka ba mutum: ƙara kuɗi a takardar kwangila, biyan albashi da sunan wanda ba ya aiki, rub da ciki da asusun ƙungiya, damfarar masu zuba jari. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Edwin Sutherland, shi ya sa masa suna a 1939, ya kira shi laifin masu farar kwala, wato wanda mai mutunci da matsayi yake aikatawa a bakin aikinsa.

Yawancinsu suna da albashi. Me ke kai su?

Wani masanin kuma, Donald Cressey, ya zauna da waɗanda aka ɗaure kan cin amanar kuɗi a gidajen kaso na Amurka, ya fitar da bincikensa a 1953. Ya gano abu uku suna haɗuwa. Akwai matsalar kuɗi da mutum ke jin kunyar faɗa wa kowa, kamar bashi ko caca. Akwai ƙofa a buɗe, don makullin yana hannunsa kuma ba mai dubawa. Sai hujjar da yake kwantar da zuciyarsa da ita. Ta ukun nan kunnenmu ya saba da ita: "aro ne na yi", "kowa ma yana ci", "kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba".

To idan matsalar ta wuce, me zai hana ya daina?

A ce ma'ajin wata ƙungiyar ƴan kasuwa a unguwar Zengou, matarsa ta haihu, ga ragon suna ya yi tsada. Ya zari jika ɗari daga akwati, da niyyar mayarwa ƙarshen wata. Wata ya ƙare, ga kuɗin makarantar yara, ga surukarsa ba lafiya. Ranar taron ƙungiya sai ya ɗauki zubin wannan watan ya cike gurbin wancan, ya gyara lamba ɗaya a littafi. Daga ranar ya zama dole ya riƙa gyara littafin kowane wata, domin in ya tsaya, a watan ne asiri zai tonu.

Haka Bernard Madoff, wani mai karɓar jarin mutane da sunan juyawa, ya yi shekara da shekaru a Amurka, yana biyan tsoffin masu jari da kuɗin sababbi. Da tattalin arziki ya rikice a 2008, mutane suka taso neman kuɗinsu lokaci guda, aka tarar ba su. A 2009 aka yanke masa ɗaurin shekara 150.

Akwai kuma abin da karon farko ke koya wa mutum. Ya kwana gabansa yana faɗuwa, gari ya waye ba wanda ya ce masa kanzil. Karo na biyu tsoron ya ragu. Kuma wanda aka cuta ba ya gabansa yana kuka: majinyacin da bai samu magani ba don an ci kuɗin asibiti yana can wani ƙauye wajen Tanut, ba za su taɓa haɗa ido ba.

Wanda aka taɓa kamawa fa, bai ji jiki ba?

Wasu suna tuba da gaske. Amma a dubi wani shahararren ɗan damfara, Charles Ponzi. An ɗaure shi a Kanada kan cakin jabu, ya fito ya je Boston, a 1920 ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45. Aka sake ɗaure shi, ya kuma fitowa ya shiga damfarar filaye a Florida. Kayan aikin irin wannan mutum bakinsa ne da iya sa a yarda da shi, kuma da su yake fitowa daga kaso.

Mu jama'a muna da hannu?

Ni a ganina muna da shi, kuma abin yana ci mini rai. Yaro ya saci kaza a kasuwar Dole, kafin jandarma su iso an fasa masa baki. Ma'aikacin da kowa ya san albashinsa bai kai ya gina bene ba, shi ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba ranar ɗaurin aure, maroƙi yana kiran sunansa. Dangi kuma sun jingina da shi: wannan kuɗin asibiti, wancan jarin awara. Ranar da ya ce babu, sai a ce ya samu wuri ya manta da ƴan'uwa. Wanda ya ƙi ci har ya yi ritaya a gidan haya, wawa ake ce masa a bayan ido.

Me ke tsayar da shi?

Nijar ta kafa hukumar HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci, sannan a 2023 aka kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Sai dai idan abin da ake tsoro shi ne kawai a ce mutum ya mayar da abin da aka gano, to ya ci ribar wanda ba a gano ba. Abin da ya fi razana mai niyya shi ne sanin cewa za a gani da wuri. Wannan ko ƙungiyar adashe za ta iya: mai riƙe akwati daban, mai rubutu daban, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma duk wata a juye akwatin kan tabarma a ƙirga a gaban kowa.